Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya: Muna Auna Jariri, Ba Ma Tambayar Uwarsa

Zuwa ga Farfesa Muhammad Ali Pate, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ungozoma ce a wani asibitin sha-ka-tafi a karkara, kuma kuka na kawo maka a kan masu jego.

Kwanakin baya wata yarinya mai haihuwar fari ta kawo ɗanta allurar sati shida. Na ɗora shi a sikeli, na ga ya rame, na hau ta da faɗa a kan nono. Kanta a sunkuye ta ce, "Ba komai, Anti." Kakar yaron ce ta ja ni gefe ta ce tun ranar suna yarinyar ba ta barci, ba ta cin abinci, sai kuka, kuma in jaririn ya tsanyara sai ta zuba masa ido kamar ɗan wata. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Na ba ta maganin ƙarin jini na sallame ta, don katin da ke hannuna yana da gurbin nauyin yaro da ranar allura, amma babu layi ko ɗaya da ya ce in tambayi uwa halin da zuciyarta take ciki. Har yau abin yana ci mini rai.

Allurar sati shida tana faɗowa daidai da arba'in, lokacin da mace take gama wankan jego, 'yan taya zama su watse, ta koma ɗakinta da goyo da girki da duk abin da ta haɗiye. A ranar da ta fi bukatar a tambaye ta, tana zaune a kan bencinmu, mu kuma idonmu yana kan sikeli.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Ko da suna da yawa, wace mai jego ce za ta yarda a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Barnawa ko Dawanau? Ta san in ta taka can sau ɗaya, sunan mahaukaciya zai bi ta har ranar aurar da 'ya'yanta, kishiya kuma ta samu abin gori.

Abin da ya ba ni ƙarfin rubuto maka shi ne masu binciken ilimin nasiha da halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa ba sai an jira likita ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da mata masu duba lafiya gida-gida yadda za su zauna da mai ciki, su saurare ta, su taimaka mata ta gane mugun tunanin da ke cin ta, ta musanya shi da wanda zai amfane ta da ɗanta. Sakamakon ya fito a 2008: wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na matan da aka yi wa wannan nasiha ne suka rage cikin ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa nasihar ba kashi 53 ne. Matan nan Musulmi ne, matan ƙauye, masu zama da surukai, kamar namu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga tsarin don kowace ƙasa ta ɗauka. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, ya zaunar da su a benci a harabar asibiti, zama shida kacal da kowane mai damuwa, aka kuma ga amfaninsa a binciken da aka buga a 2016. A nan gida ma Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, ya nuna ma'aikatan matakin farko irina za su iya kula da damuwar masu ciki da masu jego in an koya musu kuma ana bibiyar aikinsu.

Wani abu a aikin Zimbabwe ya tsaya mini a rai. Sun fara ne da kalmar da mutanensu suke faɗi da harshen Shona, wadda ke nufin yawan tunani. Mu ma matanmu ba sa zuwa su ce suna da ciwon damuwa. Cewa suke yi ƙirjina ya yi nauyi, kaina yana yawo, jikina duk ya mutu, zuciyata tana tsinkewa. Sai a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ba su farasitamol. A gida kuma magani ɗaya ne, "yi haƙuri, kowace mace haka ta yi." Ni ban raina haƙuri ba, ban kuma raina addu'a ba, da su na rayu. Amma mai hawan jini ma tana addu'a, muna kuma auna ta mu ba ta ƙwaya. Ga kuma matan sansanonin gudun hijira a Borno da Zamfara da Katsina, waɗanda suka haihu babu uwa a kusa, babu mai dafa ruwan wanka, wasu ma mijin an kashe shi suna da ciki. Wa ya zauna ya ji da wane baki suke faɗin ciwonsu?

Ranka ya daɗe, doka tana hannunka. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatarka da asusun kuɗi. Kai ne kuma, lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya ta matakin farko, ka tura ungozomomi ƙauyuka a 2009, ka jawo sarakuna cikin yaƙi da shan inna har mutane suka buɗe ƙofofinsu. Ka san hanyar shiga gidajenmu.

Roƙona shi ne a saka tambayoyin duba damuwa a katin awo da katin rigakafi. Ma'aunin Edinbara na gano damuwar masu jego, da aka fitar tun 1987, tambaya 10 ne kawai, ba ya cin minti goma. A buga shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci, da kalmomin da mata suke faɗi da bakinsu, a koya mana abin da za mu yi in amsa ta fito da nauyi, a faɗa mana wanda za mu kira in mace ta ce ta gaji da rayuwa. Sannan a ware kuɗin bincike ga sassan nasiha da na likitancin ƙwaƙwalwa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da sharaɗin mata ne za su shiga gidaje su yi tambayar, don mai jego ba za ta buɗe cikinta ga namiji baƙo ba.

Yarinyar nan tana da sauran allurai a gaba, kuma na sa a raina in ta dawo zan ajiye sikeli in ja ta ɗaki mu zauna. Ina so kafin nan a ce an koya mini abin da zan faɗa mata.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara lafiya.

Taka mai biyayya,
Wata ungozoma daga karkara.