Kafin a bar Legas: Mowe, Shagamu ko Ibadan?

Ranka ya daɗe Edita,

Tsadar haya ta sa 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba suna hangen garuruwan kusa. To, a lura.

Mowe da Ibafo sun fi ruɗar mutane. Ɗaki da araha, amma wasu unguwannin rijiyar burtsatse ce da janareta. Gefen Kara da Isheri kuwa, da an saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba ko Oktoba, Kogin Ogun yakan shiga gidaje. Mai neman gida ya je da damina, ya duba alamar ruwa a jikin bango, kada ya tsaya ga bakin dillali.

Shagamu ta mai goro ce, Sabo, unguwar Hausawan garin, tsohuwa ce.

Ibadan ta fi sarari da sauƙin abinci. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a Agege, tafiyar kamar awa 2 da rabi. Sai dai tashar tana Moniya, bayan gari, kuɗin motar shiga Sabon Ibadan daban ne. Ciniki ma bai kai na kasuwar Mile 12 ta Legas saurin juyawa ba.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas