A Daina Sayen Tayar Tsohon Keken Tsere Da Lissafin Inci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da yake cinye kuɗin mutane a banza, yake kuma kashe kekunan da ba su isa mutuwa ba. Gyaran keke ne sana'ata. A kanta na tashi, a kanta na yi furfura a nan Kano.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mutane suka dawo wa keke, har waɗanda a da suke ganin hawansa raini ne. A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai akwai tsofaffin kekunan tsere masu firam na ƙarfe da lanƙwasasshen kai, ƙirar shekarun 1970 da 1980: Raleigh daga Ingila, Peugeot da Motobécane da Gitane daga Faransa, wani lokaci har Bianchi daga Italiya. Samari suna son su saboda rashin nauyi da gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya yi sa'a ya samu mai ɗauke da tambarin Reynolds 531 a jikin firam, to ya samu ƙarfen da aka yi tseren duniya da shi. A kan Peugeot Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France a 1975 da 1977, a kan Raleigh kuma Joop Zoetemelk ya ci a 1980. Irin wannan firam ɗin, muddin bai yi hatsari ba kuma tsatsa ba ta ci shi ta ciki ba, zai kai jikan mai shi makaranta. Abin da yake fara mutuwa shi ne taya da wili, kuma a nan ne ake yin ɓarnar.

Mutum zai zo kasuwa ya ce a ba shi taya inci 27 ko inci 28. Mai kanti ya ɗauko wadda take kusa da hannunsa ya miƙa masa. A kai wa mai gyara, taya ta ƙi shiga, sai a sa cokali biyu da sifana a yi ta danna ta har a karya wayar bakinta ko a lotsa wilin. Ko kuma ta shige salin-alin ba gardama, a yi murna, a ba ta iska, ana cikin tafiya ta fice daga wili ta yi bindiga. Duk wannan daga abu ɗaya ne: lissafin inci da muka gada ba ya faɗin gaskiyar girman wili.

Mu a nan mun saba da keken kaya, irin Raleigh da aka riƙa haɗawa a masana'antarsu ta Bompai da Phoenix na ƙasar Sin, wanda ake rubuta wa tayarsa 28 x 1 1/2. Wurin da bakin taya yake zama a jikin wilinsa faɗinsa milimita 635 ne. Tsofaffin kekunan tsere na Ingila da Amurka, da na Faransa waɗanda aka ƙera don sayarwa a can, yawancinsu 27 x 1 1/4 ne, wato milimita 630. Na nahiyar Turai kuwa, da kusan duk keken tsere na zamani, 700C ne, milimita 622. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne Jamusawa suna kiran wannan 622 ɗin inci 28 su ma. Ke nan akwai inci 28 iri biyu da ba sa shiga wilin juna, ɗayansu ma bai kai inci 27 girma ba. Ta yaya mai saye ba zai ruɗe ba?

Wani zai ce milimita 8 da ke tsakanin 630 da 622 har wani abu ne? A zagayen wili wannan 8 ɗin yana zama kusan milimita 25, wato wajen inci guda, kuma bakin taya galibi waya ce ta ƙarfe, ba ta miƙewa. Taya 622 ba za ta taɓa hawa wili 630 ba komai ƙarfin mai cokali. Taya 635 za ta hau wili 630 cikin sauƙi, amma ba ta kama shi ba, kuma wannan ce mai kayar da mutum a tsakiyar titi.

Maganin yana rubuce a jikin tayar. Kusa da lissafin incin akwai wasu lambobi guda biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 32-630 ko 28-622 ko 40-635. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu girman wili, duka a milimita. Ta biyun dole ta zo daidai da wilinka, babu ragi babu ƙari. Ta farkon ce kake da zaɓi a kanta. Idan tsohuwar tayar ta ruɓe har rubutun ya goge, a duba jikin wilin, sau da yawa an buga lambar kusa da ramin bawul. In babu, a ari taya da aka tabbatar da lambarta a gwada da hannu, ba tare da cokali ba.

To idan keken mai 630 ne, me ya kamata a yi? A nan ne nake saɓawa da abokan sana'ata da yawa, waɗanda da zarar sun ga 27 sai su ce a zubar a sa na zamani. Ni ban yarda a yi gaggawa ba. Idan wilin na alminiyam ne, bai tsage ba, gefensa bai cinye da birki ba, a bar shi. A kwance hob, wato cibiyar wili, a wanke, a sa sabon boris da giris, a ɗaure sifoko a miƙe shi, ya koma aiki. Har yau kamfanoni irin su Kenda da Panaracer da Schwalbe suna yin taya 630. Wahalar samunta a kasuwanninmu ce kawai matsalar, kuma zan dawo kan wannan.

Amma idan wilin na ƙarfe ne mai sheƙi, a nan ina goyon bayan a canza. Ƙarfen nan yana da kyau a ido, a rani kuma yana aiki. Ranar da aka yi ruwa, robar birki takan yi ta sulɓi a kansa, ka matse hannu har ƙarshe keken yana tafiya abinsa. Wanda ya taɓa gangarowa daga kan gadar sama a watan Agusta a kan irin wannan wili, ga A Daidaita Sahu ya tsaya a gabansa, ya san abin da nake nufi. Alminiyam yana kama birki ko a jiƙe, ga shi ba nauyi. Sannan yawancin tsofaffin wilin ƙarfe gefensu a miƙe yake, babu ɗan leɓen nan na ciki da yake riƙe bakin taya. Idan aka cika musu iska irin ta tayar zamani sai taya ta fice. Wanda ba shi da halin canzawa tukuna, ya nemi taya mai bakin waya, kada kuma ya bari mai faci ya wuce 70 a ma'auninsa na iska.

Wanda zai koma 622 akwai abubuwa da zai auna kafin ya fitar da kuɗi. Sabon wilin ya fi tsohon ƙanƙanta, don haka robar birki sai ta sauko milimita 4 kafin ta same shi. Tsofaffin birkunan Weinmann da Mafac masu ja ta tsakiya galibi suna da sauran wuri a ramin da robar take, sai a sassauta a sauko da ita. Wasu ba su da shi, sai an sayi birki mai dogon hannu. Kada a bar roba tana cin gefen taya, domin za ta yanka ta. Ni abin da nake yi shi ne in ari wilin wani keken in ɗaura in gani da idona kafin in ce wa mai keke ya saya.

Sai faɗin baya, wato tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam biyu inda hob yake shiga. Keke mai giya 5 a baya milimita 120 ne, mai 6 ko 7 milimita 126, na zamani mai birki a gefen wili kuma 130. Alherin ƙarfe shi ne ana iya buɗa shi a hankali ya zauna a sabon faɗi, abin da ba a yi wa firam na alminiyam. Daga 126 zuwa 130 ko da hannu ana iya tura wili ya shiga. Daga 120 kuwa aiki ne na wanda ya iya: a buɗa kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, a ja zare daga gaba zuwa baya a tabbatar firam bai karkace ba. Na sha karɓar keken da aka sa wa katako aka banƙare gefe ɗaya, mai shi yana kukan wai keken yana ja hagu. Ba zai daina ja ba sai an gyara abin da aka ɓata.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, inda kekunan Faransa suka fi yawa, su ƙara kula da abu guda. Tsofaffin kekunan Faransa, musamman na kafin shekarun 1980, zaren hob da ake murɗa firiwil, wato haƙoran giyar baya, a kansa ya bambanta da na Ingila da ɗan kaɗan. Zai fara shiga kamar gaske, zagaye biyu ko uku sai ya cije. Idan aka tilasta shi, zaren hob ɗin ya tafi ke nan. Haka kuma wasu kekunansu na yawo wilinsu 650B ne, milimita 584, wanda a ido ba a raba shi da 26 x 1 3/8 na Ingila mai 590, ga kuma 26 na keken hawan dutse mai 559. Inci 26 iri uku, kowanne da wilinsa.

Yanzu maganar kauri, wadda ita ce ta fi damuna. Samari sun ɗauka cewa siririyar taya ita ce gudu. Sai ka ga yaro ya nemo mai milimita 23, ya cika ta da iska har 110 ta zama kamar dutse, ya hau titin da rabinsa rami ne rabinsa yashi. Kowane rami sai ya ji shi a ƙugunsa da wuyan hannunsa, tif ya matse tsakanin wili da bakin kwalta ya huje wuri biyu, sifoko su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba gudun yake yi ba, domin keken da yake tsalle a kan tsakuwa ƙarfin mahayinsa yake zubarwa. Su kansu masu tseren Turai da ake kwaikwayo sun bar 23 ɗin, yanzu 28 zuwa 30 suke hawa, a kan titunan da suka fi namu santsi nesa ba kusa ba. Ni shawarata ga duk mai tsohon keken ƙarfe ita ce 32, in firam ya ɗauka. In bai ɗauka ba, 28. Kuma tsofaffin kekunan nan sun fi na baya-bayan nan sarari, domin an ƙera da yawansu don a sa musu madigadi. Wanda ya sauko daga 630 zuwa 622 ma ya ƙara samun milimita 4 na sarari kyauta. A duba wuri uku: ƙarƙashin birkin gaba, ƙarƙashin na baya, da tsakanin ƙafafun firam kusa da feda. A bar aƙalla milimita 4 kowane gefe saboda laka da kuma ranar da wili zai ɗan karkace. Ga mutum matsakaici, iska 55 zuwa 65 ta ishi taya 32, ta baya ta ɗan fi ta gaba.

Idan da hali a nemi taya mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin roba. Ƙayar tsaida da ta aduwa da guntayen kwalba ba sa barin mai bin hanyar ƙauye ko lungun unguwa, kuma kuɗin faci na wata uku ya kai bambancin farashin. Araha ba ta ado a wannan wuri. A kuma lanƙwasa gefen sabuwar taya a gani kafin a biya, domin wasu sun daɗe a ajiye a zafi, robar ta bushe tana tsatstsagewa tun ba a hau ba. Bawul ma a duba: siririn wili raminsa na siririn bawul ne irin na Faransa, kada a sa ƙusa a faɗaɗa shi don bawul irin na mota ya shiga, a nemi tif da ya dace. Wanda kuma ya ga wilin kekensa ba shi da gefe, taya a manne take da gam kuma tif a ɗinke a cikinta, to ya samu keken tsere na gaske, amma irin wannan taya ba ta zirga-zirgar yau da kullum ba ce. Ya sa a ɗaura masa sabon wili a kan tsohon hob ɗin, mai sifoko 36, ya ajiye na asalin.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Na farko ga 'yan kasuwarmu masu odar kayan keke: don Allah ku riƙa haɗowa da taya da tif masu lamba 32-630, ko da kaɗan ne, da kuma 32-622. Masu nema suna nan, kullum sai sun zo rumfata, ni kuma in rasa inda zan tura su. Na biyu ga ƙungiyoyin masu gyaran keke: a rubuta lambobin nan, 635 da 630 da 622 da 590 da 584 da 559, a manna a kowace rumfa, a koya wa yaran da muke koya wa aiki su karanta gefen taya kafin su ɗauki cokali. Duk wanda yake son a nuna wa yaransa yadda ake auna wili da buɗa firam, ƙofar rumfata a buɗe take, kuma ba zan karɓi ko sisi ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai gyaran keke,
Kano.