A koya wa masu gyara ƙera allon fitar da sauti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani ɓangare na sana'ar gyaran kayan sauti da ba a kula da shi ba a nan Maradi, wato ƙera sabon allon fitar da sauti ga na'urorin dijital. Gidajen rediyo, da masu ba da hayar lasifika a bukukuwa, da masu ɗaukar wa'azi, suna jibge na'urori a lungu da sunan sun mutu, alhali sau da yawa ɓangaren dijital lafiyarsa lau. Abin da ya gaji shi ne ɗan allon da ke karɓar sauti daga guntun DAC, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai ƙafafu da ke mayar da lambobi su zama motsin lantarki, ya tace shi, ya ƙara masa ƙarfi, sannan ya miƙa wa amfilifaya.

Zafi ne babban abin da ke kashe wannan allo. Kwandansa masu ruwa a ciki, wato ƙananan kayan da ke tara lantarki su sake shi, suna bushewa, kuma ƙa'idar da masu ƙera su suka bayar ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafin garinmu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ƙura ta toshe ramukan shan iskarsa. Ga kuma ɗaukewar wuta da hawa da saukar ta janareta, waɗanda ke raunana ƙananan taransistocin da ke toshe sauti lokacin kunnawa, har murya ta riƙa shaƙewa ko ta ɓace a gefe ɗaya. Sauya kayan ɗaya bayan ɗaya yakan yi magani, amma idan layukan tagulla sun ɗaye ko guntun asali ya ɓace a kasuwa, sai dai sabon allo.

Wanda zai zana shi wajibi ne ya fara karanta takardar bayanin guntun DAC, domin wasu, irin su TDA1541 na kamfanin Philips, kwararar lantarki suke fitarwa, sai an sa matakin da zai mayar da ita bolt, wasu kuwa bolt suke bayarwa kai tsaye. Daga nan sai matacin, wato ɓangaren allon da ke tace sauti. Faifan CD, tun fitowarsa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a sakan guda, kuma aikin mayarwar yana barin tarkace a sama da kaɗawa 20,000 a sakan, inda jin ɗan Adam yake tsayawa. Kunne ba ya jin tarkacen, amma yana iya wahalar da amfilifaya da ƙaramin lasifikan siririn sauti, saboda haka dole matacin ya rage shi ba tare da ya taɓa abin da ake ji ba. A ganina guntun ƙara ƙarfin sauti NE5532, mai araha da sauƙin samu, ya ishi wannan aiki, kuma kuɗin da wasu ke zubawa a kan guntaye masu tsada gara su kashe shi a kan tsabtace wuta: a sa guntayen daidaita wuta 7815 da 7915 su daidaita bolt 15 na kowane gefe, a liƙa ƙaramin kwandansa dab da ƙafafun guntu, a kuma tsara layin ƙasa, wato hanyar da lantarki ke komawa ta cikinta, yadda hayaniyar ɓangaren dijital ba za ta ratsa ta na sauti ba. Rashin kiyaye wannan na ƙarshe yana cikin abubuwan da ke haifar da gurnanin da muke ji a lasifikan bukukuwa.

Ƙarfin fitarwa ma abin lura ne. Na'urar CD takan ba da kusan bolt 2, ma'aunin kayan situdiyo bolt 1.23 ne, na kayan gida kuwa 0.316, kuma wanda bai san inda allonsa zai shiga ba, zai iya ƙera abin da ke fasa murya. Inda waya za ta yi tafiya mai nisa, kamar daga mumbari zuwa amfilifaya, ya dace a yi fitarwa mai layi biyu masu kishiyantar juna ta soket ɗin XLR, domin hayaniyar da waya ta kwaso a hanya ta soke kanta. Don yanayinmu kuma, a zaɓi kwandansa masu jure digiri 105 maimakon na 85, a maye gurbin taransistocin toshe sauti da rile, wato makunnin da lantarki ke buɗewa da rufewa, mai jinkirin ƴan sakanni.

Matasanmu sun ƙware a liƙi da dalma, abin da suka rasa shi ne lissafin mataci da kayan awo, domin kunne kaɗai ba ya nuna tarkacen da ke sama da jinsa. Manhajar zana allo ta KiCad kyauta ce. Ina kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyoyin koyar da sana'a na jihar Maradi su buɗe gajeren horo na yamma ga masu gyara, su kuma ba su damar amfani da osiloskof, na'urar da ke nuna motsin lantarki a kan gilashi, a ranakun da ɗalibai ba sa aiki da shi.

Naka,
Wani mai gyaran kayan sauti,
Maradi.