A Daina Ƙure Wufa, Saiti Ne Matsalar

Edita,

Assalamu alaikum. A zaurukan biki na Jos ana yawan ƙure wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri (bes), har sauti ya koma gurnani, alhali saiti ne bai zauna ba.

Mahaɗar wufa da sifikoki, wato kirosoba, inda wufa ke karɓar sauti daga sifikoki, a fara ajiye ta kan 80Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar amo ne). In sifikokin ƙanana ne, a ɗaga zuwa 100 ko 120. Sai a kunna amo daidai lambar da aka zaɓa, mutum ɗaya ya tsaya inda baƙi ke zama, wani ya riƙa juya maɓallin wufa mai lamba 0 da 180. Inda bes ya fi cika, nan za a bari. Tsawon zangon amon 80Hz kusan mita 4.3 ne, don haka bambancin nisa daga mai sauraro na mita biyu kacal, wato kusan rabin zangon, ya isa wufa da sifika su kashe sautin juna.

A kuma duba wayoyin sifika, ja da baƙa. Juya su ma yana cinye bes.

Mai saitin sauti,
Jos