Wasiƙa zuwa ga Nasiru, da ya fara koyon Faransanci

Damagaram, daren Laraba.

Malam Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da Hajiya da su Ummi. Ya kasuwa, ya zafin Kano? Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙon muryarka ya iso. Tun bikin Salisu ba a ji ɗuriyarka ba, sai da Faransanci ya sha maka kai sannan ka tuna kana da ubangida a Damagaram. Bakano ke nan, ba ya neman iyayen gidansa sai ta ɓaci. Na yafe. Kuma na ji daɗi ƙwarai da Alhaji ya ce kai za ka riƙa zuwa Lome saro atamfa, don wannan amana ce babba, kuma ba na son ta kuɓuce maka saboda harshe.

Na saurari karatunka, ga abin da na ji. Kalmomin ka haddace su, ba laifi. Matsalar ita ce kana karanta Faransanci da idon Ingilishi. Ka ajiye Ingilishin nan gefe, ka zo da kunnen Bahaushe, don a wurare da yawa Hausa ta fi shi kusa da abin da kake nema.

Bari in fara da baki. Ka so ka ce "j'ai faim", ina jin yunwa, sai abin ya fito "pain", wato burodi. Dalili kuwa, "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa take kaiwa da komowa tsakanin f da p. A Faransanci rabe suke. Ka tsaya gaban madubi. Wajen "p" leɓɓanka su haɗe gam sannan su buɗe. Wajen "f" haƙoranka na sama su hau kan leɓen ƙasa, iska ta bi ta tsakani. In ba ka ga haƙoranka a madubin ba, ba ka yi ta ba. "V" kuma zaman bakin ɗaya ne da "f", sai dai ka ɗora yatsa a maƙoshi ka ji yana rawa. Ka jera faim, pain, vin, bain, sau goma kowace safiya. Wasalinsu ɗaya, baƙin farko kaɗai ya raba yunwa da burodi da giya da wanka.

Sai "u", wanda shi ne ya fi ba mutanenmu wahala. Wanda muke da shi a Hausa, su "ou" suke rubuta shi: tout, vous, roue. Na "tu" da "rue" daban ne. Ka ce "ii" kamar ta "biki", ka riƙe harshenka a nan kada ya motsa, sannan ka tsuke leɓɓa kamar za ka yi fito. Abin da ya fito shi ne "u". Yawanci da leɓɓa sun tsuke sai harshe ya gudu baya, nan abin ke lalacewa. Kada ka raina shi, don "dessus" sama ne, "dessous" ƙasa, kuma ɗan dako ba zai tsaya tambayarka wanne kake nufi ba. Haka "eu" na "deux": ka ce "ee", ka tsuke leɓɓa. Wanda bai raba "deux mille" da "douze mille" ba, dubu 2 da dubu 12 ke nan, bai isa riƙe jakar kuɗin Alhaji ba tukuna.

Wasulan hanci uku za ka buƙata: na "banc", na "bon", na "bain". A nan muna da ɗan sauƙi, saboda "n" ɗinmu ta ƙarshen kalma, irin ta "nan" da "can", dama ba a bayan haƙora muke yin ta ba. Amma mu muna rufe hanyar a can baya da harshe. Su ba sa rufewa, bakin a buɗe yake har sautin ya ƙare, iska kuma tana bi ta hanci da baki tare. Ka gwada beau, bon, bonne. Na farko ba hanci, na biyu hanci ba "n", na uku "n" sosai ba hanci.

Maganar "r" kada ta hana ka barci. Ta mutanen Faransa daga maƙogwaro take, kusa da "gain" da Malam Habu ya sha zane ka a kanta a makarantar allo. In ta zo, to. In ba ta zo ba ka kaɗa harshe yadda ka saba, don daga nan har Kwatano da Lome mutane da yawa haka suke yi, kuma ana gane su sarai. "Ch" ita ce "sh" tamu. "J" ba irin ta Kano ba ce mai tauri, "sh" ce da aka sa wa murya. "Oi" ka karanta "wa", "au" da "eau" ka karanta "o", "qu" kuwa "k". "H" ba a furta ta ko kaɗan. "S" guda tsakanin wasali biyu "z" ce, shi ya sa "poisson" kifi ne, "poison" guba.

Af, kafin in manta. Matar Ibro ta sauka, an samu namiji, suna ranar Asabar. Ya ce in gaya maka har yau yana nan kan bakansa game da maganar agogon, ka san abin da yake nufi. Shi kuma Sani Dogo an mayar da shi Tawa, yana ta ƙorafin nisa. Baba Mai-shayi ya tambaye ka.

Mu koma. Babban abin da ya ɓata karatunka shi ne baƙaƙen ƙarshen kalma. Duk ka furta su. A "petit", "beaucoup", "trop", "vous", "prix", na ƙarshen rubutu ne kawai. Waɗanda aka fi furtawa huɗu ne, c da r da f da l: sac, pour, neuf, sel. Ko su ɗin akwai masu saɓawa, irin "blanc" da "gentil", da duk aikatau mai ƙarewa da "-er" kamar "parler", wanda ake cewa "parle". Wannan ya jawo wani abu mai muhimmanci: "sac" da "sacs" sautinsu ɗaya. Abin da ke nuna jam'i a kunne shi ne "le" da "les". Saboda haka in ka mayar da duka biyun "le" irin ta Hausa, mai saurarenka bai san ko jaka ɗaya kake so ko da yawa ba. "Les" ne yake kama da "lee" tamu. "Le" gajere ne, leɓɓa a ɗan tsuke.

Amma baƙin da ya yi shiru yakan farka idan kalmar gaba ta fara da wasali: les amis, "lezami"; vous avez, "vuzave". A nan Hausa ce ke kawo mana cikas. Duk kalmarmu da ta fara da wasali akwai ɗan yankewa a maƙoshi kafinta, irin hamza. Ka ce "ɗan aiki" a hankali ka ji. Faransanci ba ya son wannan yankewar, kalmomin zarcewa suke cikin juna, sai a ɗan ja gaɓar ƙarshe ta jimla. Ka lura da "ils ont" mai z, suna da, da "ils sont" mai s, su ne. Bayan "et" kuwa ba a haɗawa har abada. Sannan ka daina cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu: "trois" gaɓa ɗaya ce, ba "turwa" ba.

Nahawun ya fi sauƙi a kan yadda malaman Ingilishi ke tsorata ku. Namiji da mace a sunayen abubuwa mun sani tun muna goye. Abin kiyayewa kawai shi ne jinsin ba ya bin namu: rana mace ce a wurinmu, "le soleil" namiji, wata namiji, "la lune" mace, gida namiji, "la maison" mace. Don haka kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka. Ka rubuta "une maison", "un marché". Na fi son "un" da "une" a kan "le" da "la", domin gaban wasali duka biyun "l'" suke komawa, jinsin ya ɓuya, kamar a "l'école" wadda mu nan muka mayar "lakwal". Ƙarshen kalma yana ɗan taimakawa: masu "-tion" da "-té" galibi mata ne, masu "-ment" da "-age" maza, ban da irin su "la page" da "l'image".

Wajen mallaka ka dubi "motarsa" da "motarta". "R" ɗin tsakiya ta mota ce, "sa" da "ta" na mai motar. Faransanci jinsin motar kaɗai ya kula da shi: "sa voiture", ko ta Alhaji ce ko ta Hajiya, "son sac", ko na wane ne. Korewa kuma ka riga ka iya. Yadda muke sa "ba" gaba da baya a "ban sani ba", haka suke sa "ne" da "pas": je ne sais pas. A titi za ka ji sun yar da "ne", amma kai ka fara da cikakke. Bayan korewa "un", "une", "du" sukan koma "de": j'ai de l'argent, je n'ai pas d'argent. Wannan jimla ta biyu na san ba sai an koya wa Bakano ita sau biyu ba.

Aikatau biyu ka haddace kamar sunanka, "être" da "avoir", kafin ka taɓa wani. Shekaru da "avoir" ake faɗa, kamar yadda muke cewa ina da shekara 30: j'ai trente ans. "Je suis trente ans" da ka faɗa, Ingilishi ne ya sa maka shi a baki. Yunwa, ƙishirwa, zafi, sanyi duk "avoir" ne. Daga nan sai masu "-er", waɗanda su ne mafi yawa a harshen. Je parle, tu parles, il parle, ils parlent, rubutu daban-daban amma duk "parl" ake cewa. "-Ent" ɗin nan ba a furta shi. Biyu ne kawai suka fita dabam a kunne, nous parlons da vous parlez. Abin da zai faru, ka yi amfani da "je vais" da aikatau yadda yake: je vais acheter, zan saya. Abin da ya wuce: j'ai acheté, j'ai payé, amma zuwa da dawowa da isowa "être" suke ɗauka: je suis allé, je suis arrivé. Wannan ya ishe ka wata uku. Kuma kowa ka ce masa "vous", yadda za ka ce "ku" ga babba, musamman jami'an kan iyaka da manyan matan nan masu shagunan atamfa a babbar kasuwar Lome. "Tu" sai yara da abokan wasa.

Lissafi shi ne rayuwarka a can, don haka ka ba shi lokaci na musamman. Har 69 lafiya lau. 70 kuwa "soixante-dix", sittin da goma. 80 "quatre-vingts", ashirin huɗu. 97 "quatre-vingt-dix-sept", ashirin huɗu da sha bakwai. In ka ji "soixante" ko "quatre-vingt" kada ka yi saurin rubutawa, ka jira a ƙarasa. "Six" da "dix" suna da furuci uku: su kaɗai "sis" da "dis", gaban baƙi "si mille", gaban wasali "siz ans". Ka sa Ummi ta riƙa nuna maka lambobi a takarda kana faɗa da sauri. Ka san kuma awonsu: "un pagne", a ce "pany", yadi 2 ne, "une demi-pièce" yadi 6, turminku ke nan, "une pièce" yadi 12. Duk cinikin da kuka yi a baki, ka ce "écrivez, s'il vous plaît" a rubuta maka ko a danna a waya. In kuma ka haɗu da mutanenmu na Nijar suna Hausa, ka tuna da dala muke lissafin sefa: dala ashirin sefa 100 ce, jika guda 1,000.

Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. RFI suna da labarai na minti 10 cikin sauƙaƙƙen Faransanci, "Journal en français facile", da rubutunsa a intanet. Ka ɗauki jimla uku kacal, ka saurara ba ka duba ba, ka saurara kana dubawa, ka maimaita, ka naɗi muryarka a waya ka gwada da tasu. Ajin Alliance Française na nan Kano da ka ambata ka shiga, ko don a samu mai gyara maka baki ido da ido. Jarrabawar DELF A1, ta shaidar matakin farko na Faransanci, ba dole ba ce ga ɗan kasuwa, amma tana sa mutum ya dage: kashi huɗu ce, ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana ci da 50 cikin 100.

Yaushe ne tafiyar farko, kafin azumi ko bayan salla? Kuma ta Legas za ka bi ko jirgi Alhaji zai biya? Ka turo min muryarka ranar Juma'a da faim, pain, vin, bain da lissafi daga 60 zuwa 100, in ji. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata yajin ya iso, an gode. Kada ka manta da kiran Ibro kafin Asabar.

Naka,
Lawali