A daina murɗa ƙarfen wuyan jita da ƙarfin tsiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da masu kiɗan jitar lantarki, na coci-coci da na situdiyo da masu zuwa biki, tun da hunturu ya kusa. Gyaran jita ne sana'ata a Sabon Gari, kuma duk shekara da zarar iska ta bushe sai a fara kawo mini jitoci masu ciwo iri ɗaya.

A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe da aka binne tun daga kai har gindi, da noti a bakinta. Tsirkiyoyin nan shida suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 45, kamar yadda tsirkiya ke tanƙwara baka, sandar ce ke riƙe shi. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Jitocin farko da kamfanin Fender ya fitar a 1950 babu ita, wuyansu ya riƙa lanƙwashewa har dole aka saka.

Idan hunturu ya shigo katako yakan tsuke, tsirkiya ta yi nisa da allon yatsu, dannawa ta yi wuya. Sai yaro ya ɗauki alanki, ɗan makullin ƙarfe mai kusurwa shida, ya yi ta murɗa notin. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin ɓarnar daga alankin take farawa. Fender ta Amurka inci 1/8 take ci, wato milimita 3.175, mu kuwa alankin kasuwarmu na milimita ne. Mai lamba 3 zai shiga, har ya yi kamar ya kama, amma yana juyawa yana cinye cikin notin. Jitocin Asiya da suka cika gwanjo galibi 4 ko 5 suke ci. Gibson kuma ba alanki take so ba, ƙaramar sifana ce ta inci 5/16.

Kafin a taɓa komai a auna. A cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a kan allon yatsu, a danna tsirkiya mafi kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe, a duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na takwas. Kimanin kwatan milimita ake so, kaurin siririn kati. In ta fi haka, a sassauta tsirkiyoyi, a juya noti hannun dama kwatan zagaye kawai, a ɗaure, a bar katako ya zauna. In noti ya cije, don Allah a tsaya. Ko dai tsatsa ce, ko zarensa ya ƙare. A kwance shi gaba ɗaya, a goge, a shafa ɗan giris, in zare ne ya ƙare a ƙara wosha ɗaya ko biyu. Ni nakan matse wuyan a kan teburi in miƙar da shi tukuna, sannan in ɗaure noti, don kada a bar wa ƙarfen aikin shi kaɗai.

In kuwa an ji "ƙas" kuma noti ya fara juyawa a banza, sandar ta karye. Har yanzu jitar ba ta mutu ba, amma kada a kai ta wurin mai walda, wuta za ta ƙona katakon ta narkar da gam. Idan a bakin zare ta tsinke, ana rarake katako kaɗan a yanka sabon zare a kan ragowar. Idan a ciki ne, aikin babba ne: a ɗora dutsen guga a kan allon yatsu har gam ya saki, a bi da siririyar wuƙa a hankali a ɗaga shi, a cire tsohuwar sanda, a sa sabuwa, a mayar da allon daidai inda yake, domin ko ya goce da kaurin gashi sauti zai nuna. Wuyan da aka yi da katako guda kuma ta baya ake shiga, ta layin katako mai ruwan ƙasa da ke bayan wuyan. Gaskiya, in jitar mai araha ce kuma kusoshi huɗu ne ke riƙe da wuyanta, nakan ce wa mai ita ya nemi wani wuyan a gwanjo, ya fi masa sauƙi. Wadda aka manna wuyanta da gam, irin jitar Les Paul ta Gibson, ba ta da wannan mafita.

Roƙona ga shugabannin mawaƙa shi ne su sayi alankin da ya dace da kowace jita, su ajiye shi a hannun mutum ɗaya. Duk wanda kuma ya ɗaure sandarsa a hunturu, ya sake aunawa idan damina ta sauka, domin katakon zai sha danshi ya koma baya, tsirkiya ta fara gogar ƙarfe, sai an ɗan sassauta.

Naku,
Wani mai gyaran jita,
Sabon Gari, Kano