Kafin a kwance injin kwalekwale don ya rage ƙarfi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ke cinye kuɗin masu kwalekwalen inji ba gaira ba dalili, wato yadda ake tunkarar tsohon injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi idan ya fara rage ƙarfi. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar jirgi ya kasa gudun da ya saba, sai a kwance kabureta, a canza filogi, a sayo sabon koyil, in duk ba su yi ba a ce injin ya gama yayinsa. A ganina, yawancin waɗannan injuna, musamman masu bugu biyu da ake gauraya musu fetur da man inji, suna da sauran shekaru a gaba idan aka bi bincikensu daki-daki kafin a taɓa aljihu.

Tambayar farko ita ce: injin ne ya kasa juyawa yadda ya kamata, ko kuwa yana juyawa jirgin ne ba ya tafiya? Ana gane wannan a kan ruwa, da kayan da aka saba ɗauka, a buɗe totur har ƙarshe. Kowane kamfani yana rubuta adadin juyin da injinsa zai kai a wannan hali, kuma ga da yawa daga cikin tsofaffin injuna adadin yana tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya. Idan injin yana ruri har ya wuce haka amma jirgi na jan jiki, to a sauka ƙasa a duba farfela. A tsakiyarta akwai roba da aka matse tsakanin farfelar da ƙarfen da ke juya ta, kuma idan robar ta saki, ƙarfen zai riƙa juyawa a ciki yana zamewa. Gwajinta ba ya bukatar ko sisi: a ja layi guda da fenti daga ƙarfen tsakiya zuwa jikin farfela, a yi ɗan gudu, a ɗaga injin a duba. In layin ya rabu biyu, an kama ɓarawon. Haka kuma a duba ko fukafukan farfela sun lanƙwashe, ko zaren koma ya naɗe a bayanta, ko gansakuka ta kama ƙasan jirgi, ko ruwa ya taru a cikinsa ya ƙara masa nauyi.

A nan zan ja hankali a kan wata al'ada da ke yaudarar mutane da yawa. Bakanike zai tayar da inji a firi, ya ba shi wuta ya yi ƙara mai daɗi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Injin da silindarsa ɗaya ta mutu ma zai iya yin wannan ƙarar, domin babu nauyin da yake ja. Gwajin da ba a yi shi cikin giya a kan ruwa ba bai tabbatar da ƙarfin inji ba. Kuma duk wanda zai tayar da inji a tudu ya tabbata ruwa na shiga cikinsa, don robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙu kaɗan idan ta juya a bushe.

Idan ya tabbata injin ne ba ya kai juyinsa, shawarata ita ce a auna matsin iskar silinda kafin a sayi komai. A cire filogi duka, a ɗaura ma'auni a kowane rami bi da bi, a ja igiya ko a murza makulli, a rubuta lambar da ta fito. Lambar ta bambanta daga inji zuwa inji, amma abin lura shi ne kada tazarar da ke tsakanin silinda ɗaya da 'yar'uwarta ta wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta nuna 120 ɗaya kuma 70, babu wankin kaburetan da zai dawo da ƙarfin wannan inji; ko dai ringi, wato zoben da ke kewaye da fistin, ya maƙale saboda baƙin hayaƙin da ya daskare, ko gasket na kai, wato abin da ke toshe mahaɗar kan silinda, ya fashe, ko fistin ya karce bangon silinda. Filogin da aka cire ma suna da bayani. Wanda ya fito baƙi jiƙe da mai yana nuna silindarsa ba ta ƙona abin da ke shigarta, wanda kuma ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da datti, sau da yawa ruwa ne ke kutsawa wurinsa.

In matsi ya yi daidai, sai a koma kan mai, kuma a fara daga tanki. Ƙaramar ƙofar iska da ke kan murfin tanki idan ta toshe ko aka manta ba a buɗe ta ba, injin zai tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci, sannan ya fara shaƙewa. A tiyon mai akwai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu. Idan inji ya fara rage ƙarfi a tsakiyar gudu, wani ya riƙa matsa shi. In ƙarfi ya dawo, ke nan famfon mai ya gaji ko iska na shiga ta wata mahaɗa. In ƙwallon ya lotse ya ƙi kumbura, toshewar tana ɓangaren tanki. Fetur da ya daɗe a ajiye yana barin danƙo a cikin kabureta, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jawo ruwa daga iska, yana cin cikin tsofaffin tiyo har ɓarɓashinsu ya tafi ya toshe jet, wato ɗan ƙaramin ramin da fetur ke bi a cikin kabureta.

Wannan toshewar jet ita ce ta fi damuna, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. A injin bugu biyu, man da ke shafe fistin da ringi yana tafiya ne tare da fetur, galibi kashi ɗaya na man inji cikin hamsin na fetur. Saboda haka silindar da jet ɗinta ya toshe ba ta samun isasshen fetur, ba ta kuma samun isasshen man shafawa, ga zafi yana ƙaruwa a cikinta. Direban da ya ji ƙarfi ya ragu sai ya ƙara danna totur don ya isa gaɓa da wuri, shi ne yake mayar da aikin wanke kabureta ya zama aikin sauya fistin. Abin da ya dace shi ne a sassauta, a lallaɓa a hankali har a fita.

Batun wuta ba shi da tsawo. Ganin tartsatsi a bakin filogi a sarari bai wadatar ba, domin a cikin silinda matsi yana sa tsallakensa ya fi wuya. A injunan da ke da akwatin wuta na lantarki ana so tartsatsin ya tsallake tazarar kusan milimita 11 a ma'auni, shuɗi mai ƙarfi, kuma a yi gwajin nesa da tururin fetur. Koyil ko akwatin wuta na iya aiki da sanyi su yanke idan sun ɗau zafi, don haka a maimaita gwajin bayan inji ya ɗumama. A duba kuma ko ruwan sanyaya inji na fita da ƙarfi ta ɗan tiyonsa, domin wasu injunan Johnson da Evinrude suna rage juyin kansu zuwa kusan 2,500 idan zafi ya yi yawa, mai jirgi ya ɗauka wani ciwo ne daban. Wayar totur ma takan saki har ƙofar kabureta ta kasa buɗewa duka.

Kamfanin OMC da ya riƙa ƙera Johnson da Evinrude ya durƙushe a shekarar 2000, an kuma daina ƙera Evinrude gaba ɗaya a 2020, saboda haka kayan gyaran wasu tsofaffin samfura ba abin da za a riƙa sayowa don gwaji ba ne. Ko da awo ya nuna fistin ya lalace har sai an sake shi, ina kira ga makanikai kada su ɗaure injin sai sun gano abin da ya ƙona na farko, ko jet ne, ko famfon ruwa, ko iska mai shiga ta robar da ke toshe bakin kuranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, domin sabon fistin zai ƙone a wannan silindar kamar yadda tsohon ya ƙone.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku